Farin Danƙo a Bakin Mai Goro

Kakan Alhaji Badaru daga Kano ya taso da jakunansa, yana bin hanyar fatake zuwa kudu. Da ya iso Lafiya ciwon ƙafa ya zaunar da shi, zaman jinya ya zama zaman aure, daga nan bai ƙara ɗaure kaya ba. Ya kafa rumfar goro a kasuwa, ɗansa ya gaje ta, jikansa Badaru ya karɓa daga hannun ɗan. Gidan bai taɓa yin wata sana'a ba, kuma ba wanda ya taɓa jin sun yi sha'awar wata.

Badaru dogo ne, siriri, mai tsabtar tufa, ba ya yawan magana kuma ba ya son a maimaita masa magana. Yana zaune a unguwar Akurba da matarsa Dijatu, 'ya'yansu duk sun kama gabansu. A kasuwa akwai waɗanda suka fi shi jari, akwai waɗanda suka fi shi babbar rumfa, amma ba a samu wanda ya kai shi sanin goro ba, kuma sanin nasa a haƙoran gaba yake. Idan motar goro ta iso daga Shagamu aka sauke huhu, aka yaye ganye, sauran 'yan goro sukan duba launi, su latsa da babban yatsa, su shinshina. Shi kuwa sai ya zura hannu can tsakiya ya zaro ƙwaya ɗaya, ya ɓare ta, ya ɗora tsakanin haƙoransa na sama da na ƙasa, ya gatsa a hankali yana sauraro. Daga ƙarar da goron ya yi da yadda ya turje wa haƙori yake gane wanda zai kai rani yana daram, da wanda aka jiƙa da ruwa don ya cika ido, da wanda tsutsa ta riga ta fara ci daga ciki. Ƙananan 'yan goro na garuruwan Arikya da Ashige ba sa taya kaya sai sun ga fuskarsa bayan gatsar nan. In ya tauna ya haɗiye, a saya. In ya juya ya tofar, kowa ya mayar da hannunsa aljihu.

Haka ya yi ta yi tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari. Haƙoran nan suka rine suka yi ja mai duhu, irin jan da ake gane ɗan goro da shi tun daga nesa, kuma yana alfahari da su ko da bai taɓa faɗa ba.

Bayan ya haura sittin sai ya fara ganin jini a kan asuwaki. Bai damu ba. Dijatu ce ta fara lura cewa haƙoransa na sama suna buɗewa, suna turowa gaba kaɗan-kaɗan, har wata ƙofa ta bayyana inda da babu. Aka wayi gari na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa. Idan ya ɗora goro sai ya zame. Ya koma gatsawa da turame, amma turame niƙa kawai suka sani, ba sa kawo labari. A shekarar nan ya haɗiye goron da ya kamata ya tofar, mutane suka saya bisa fuskarsa, kayan suka ruɓe kafin wata ya mutu. Ba wanda ya zo ya ce masa komai. Sun ci gaba da gaishe shi da ladabi kamar kullum, kuma wannan ladabin ya fi masa zafi da zagi.

'Yarsa Mutmainna, wadda ke aiki a Abuja, ita ta zo ta ɗauke shi kusan da ƙarfi ta kai shi wani asibitin haƙori da ke kan hanyar Jos. Likitar mace ce, 'yar ƙabilar Tibi mai suna Doosuur, haifaffiyar Lafiya. Da ta faɗi sunan mahaifiyarta sai ya gane ta, domin matar ta daɗe tana sayar da doya a bakin ƙofar kasuwa. Wannan ne ya sa ya yarda ya kwanta a kujerar ya buɗe baki.

Ta duba, ta ɗauki hoton ƙashi, ta nuna masa a allo. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji, amma ba ta kewaye-kewaye.

"Baba, ƙashin da yake riƙe haƙori naka ya zaizaye. Ka ga nan, ya kamata ya kai har sama, amma ya tsaya a rabi. Zan iya jawo su su koma wurinsu, a hankali, sau ɗaya. In suka yi ta gaba da baya, za su saki gaba ɗaya."

"In sun koma wurinsu zan gatsa goro?"

"In sun koma lafiya, za ka gatsa."

"To, yi abin da za ki yi, 'yata."

Watanni ta ɗauka tana kankare dattin da ya taru ƙarƙashin dasashi, har jinin ya tsaya. Sannan ta zagaya bakinsa da wata na'ura mai kama da ƙaramar tocila, ta aika siffar haƙoransa Legas. Daga can aka aiko da kwali cike da marafan roba masu haske kamar ruwa, kowanne cikin ledarsa, a jere. Kowane marfi yana matsa haƙori ɗan kaɗan ya miƙa wa na gaba da shi, har a kai ƙarshe.

Ranar da za a fara, ta yi masa bayanin da bai ɗauka da muhimmanci ba a lokacin. Ta ce roba santsi gare ta, haƙori ma haka, in babu abin kamawa marfin zamewa kawai zai yi. Saboda haka za ta manna wasu 'yan ƙulle-ƙulle a fuskar haƙoran, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, su ne marfin zai riƙe ya ja. Ta ɗauko bututu biyu na danƙon da ake yin su da shi, ta matso kaɗan daga kowanne a kan takarda. Ɗaya mai kauri ne kamar kwaɓin fulawa, ya tsaya inda aka ajiye shi. Ɗayan ruwa-ruwa ne kamar zuma, ya fara malala.

"Wannan mai kauri, garin gilashi ya yi yawa a ciki," in ji ta. "Wahalar sawa gare shi, amma ba ya cinyewa, ba ya shan launi. Wannan mai ruwa, sauƙi gare shi, amma ba shi da ƙarfi kamar ɗan'uwansa. Kai mai kauri zan sa maka."

"Ke kika san aikinki."

Sai ta ɗauko wani ɗan allo mai jerin haƙoran gwaji, daga fari tas zuwa mai ɗan rawaya, ta riƙa karawa kusa da nasa don ta zaɓi launi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta kai na ƙarshe, mafi duhu, shi ma kusa da haƙorin Badaru sai ya zama kamar alli. Ta yi dariya ta ce ba ta taɓa rasa launi ba sai yau.

"Waɗanda suka ƙera allon nan ba su taɓa cin goro ba," in ji shi.

"Ko ganinsa ba su yi ba, Baba."

Ta shafa wani ruwa mai tsami a haƙoran, ta wanke, ta busar, ta cusa danƙon cikin ramukan wani marfi na musamman, ta danna shi a bakinsa, ta bi kowane haƙori da shuɗiyar fitila har ya daskare. Ta gindaya masa sharuɗɗa: marfi a baki dare da rana, ba a cirewa sai za a ci abinci, goro a yanka da wuƙa a tauna da turame, a kuskure baki kafin a mayar. Ya amsa duka. Da ta miƙa masa madubi ya ga fararen ɗigo jere a kan jajayen haƙoransa, ya daɗe yana kallo.

Maƙwabcinsa a kasuwa Babandi ne, Bazazzage, shi ma ɗan goro, sun yi shekaru suna zolayar juna kamar yadda Kanawa da Zage-zagi suka saba. Badaru bai gama amsa gaisuwa ba Babandi ya leƙo.

"Bakano, Hajiya ta rasa kwano ne ta zuba maka shinkafar a baki?"

"Guzuri na riƙo, na san in na zo maƙwabcina ba zai ce bisimilla ba."

"To, ka ɗan rage mana, rowar taku har a haƙori."

Wannan bai dame shi ba, ya iya ramawa. Abin da ya kasa ramawa shi ne kirkin mutane. Mace za ta zo sayen goron suna, ta gama ciniki, sai ta rage murya ta ce, "Alhaji, ɗan goge bakinka." Wani dattijo a masallaci ya riƙa yi masa alama da yatsa bayan sallame salla. A wurin wani ɗaurin aure, inda shi ne ya kawo goron kuma shi aka ba rabo, kawun ango ya matso ya danƙa masa tsinken sakace a ɓoye, don kada ya ji kunya. Kullum sai ya yi bayani, kuma bayanin ya fi ɗigon tsawo. Sai ya fara magana yana kare baki da hannun riga. Ya rage dariya, ya rage kiran masu wucewa. Dijatu ta ce ya yi haƙuri, abin na ɗan lokaci ne. Ya ce ita ba ta zama a rumfa.

Ana cikin haka wani ƙulli na gefe ya fita, ranar da ya ci karo da ƙashi a cikin miya. Ya koma asibiti. Ya tarar danƙo mai kaurin ya ƙare, saƙon da likita ta yi daga Abuja bai iso ba tukuna. Don kada marfin ya rasa abin riƙewa, ta maye gurbin da mai ruwa-ruwa, ta ce na wucin gadi ne. Ba a yi nisa ba, wata safiya yana shan koko Dijatu ta dube shi ta ce, "Alhaji, na gefen nan ya sake faɗuwa." Ya kai harshe ya taɓa. Yana nan daram. Ya ɗauko madubi ya fita tsakar gida inda haske yake. Ƙullin ya sha jan goro, ya rine ya zama ɗaya da haƙorin, sai an ƙura ido ake ganinsa. 'Yan'uwansa kuwa suna nan fari fat.

A ranar bai buɗe rumfa ba, asibiti ya wuce.

"'Yata, kin ga wannan? Irinsa nake so. Ki cire sauran ki sa mini irinsa."

"Baba, zauna tukuna. Abin da ya sa ya sha launi shi ne abin da ya sa ban so shi ba. Laushi gare shi. Duk lokacin da ka cire marfi ka mayar, yana goge shi. Asuwaki naka ma yana goge shi. Wasu mutane ina sa musu, yana kai su, amma ba masu goro da asuwaki ba, kuma ba masu ƙashi irin naka ba."

"In ya goge sai ki ƙara."

"In na gani. In ban gani ba fa?"

"Ni zan gani. Bakina ne."

"Ka ɗan daure, Baba. Ba ado muke yi ba."

"Ni ma ba ado na zo nema ba. Shekara guda kike so in yi ina rufe baki a gaban mutanen da suka san ubana. Ɗan goro da bakinsa yake ciniki. Ko ki canza su, ko ki cire komai da komai in tafi gida da haƙorana yadda Allah ya bar mini su."

Likita ta kira Mutmainna a waya, ta buɗe muryar wayar kowa yana ji. Mutmainna ta yi ta roƙo, ta ce ya dubi girman Allah ya bi maganar likita, ta ce fararen ɗigo ba abin kunya ba ne, a Abuja har manyan mutane suna yawo da su.

"Manyan Abuja ba sa raba goron ɗaurin aure," in ji shi. "Na gode da ɗawainiyarki, Allah ya yi miki albarka. Amma na faɗi magana."

Likita ta riƙa juya bututun a hannu. Ta san irin dattijon da ke gabanta, ta kuma san in ya fita ƙofar nan ba zai dawo ba. A ƙarshe ta ce za ta yi, bisa sharaɗi ɗaya: kada ya canza marfi ya koma na gaba sai ya zo ta duba ƙullayen da ƙarfenta, ta cika wanda ya ragu. Ya ce ya ji, kuma da gaske yake. Ta goge fararen, ta zuba masu ruwa-ruwa, ta haska musu fitila.

Kafin Juma'a biyu bakinsa ya koma nasa. Ya sauke hannun riga, ya ci gaba da kiran masu wucewa. Babandi ya ce ashe Bakano ya cinye guzurinsa shi kaɗai. Haƙoran ma sun fara komawa, ƙofar da ke tsakani ta fara tsukewa, har wata rana yana alwala ya ji na sama sun ɗan taɓa na ƙasa, abin da ya daɗe bai ji ba. Yana zuwa asibiti kan lokaci. Sau da yawa likita takan sami ɗaya ko biyu sun ragu, ta ƙara musu, ta ce, "Ka gani, Baba?" Shi kuwa ya ce, "Na gani, kuma kin gyara."

Sai kakar sabon goro ta shigo. Tun zamanin mahaifinsa, ɗan gidan yakan sauka kudu da kansa, ya bi ƙauyukan Shagamu da na Ondo, ya ga goro a hannun manoma kafin dillalai su cuɗanya shi. A shekarar da ta wuce bai je ba, kuma ya ga sakamakon. Ya ƙudura wannan karon zai je, ko da ido da hanci ne zai zaɓa, tafiyar kuma ba za ta daɗe ba. Ya biya asibiti kafin ya tashi, aka duba aka cika. Ya zuba marafan da ke gaba cikin jaka, don ko ta kwana.

Tafiyar ta ƙi ƙarewa. Ruwan sama ya yi ta zuba bayan lokacinsa, hanyoyin ƙauye suka yanke, manoma suka jinkirta ɓara. Da aka haɗa kaya, motar ta lalace a daji, aka zauna jiran kayan gyara. Lokacin canza marfi ya zo yana can. Ya tuna alkawarinsa, ya tsaya gaban madubin ɗakin da ya sauka ya wangale baki. Bai ga wani canji ba. Ya kai harshe, ya ji kamar suna nan. Da fararen ne, da kallo ɗaya ya isa a san wanda yake nan da wanda ya tafi. Waɗannan kuwa tun ranar da suka rine ba a ganinsu, kuma abin da ke raguwa kaɗan-kaɗan harshe yakan saba da shi. Ya ce a ransa jinkiri ma ɓarna ne, ya buɗe leda ya sa na gaba.

Marfin ya shiga da ƙyar, gefensa bai zauna a kan haƙori ba, ya ɗan ɗaga. Badaru ya danna da babban yatsa, ya naɗe hankici ya cije a kai har ya shige. Ya ji zafi, ya ɗauka alamar aiki ce, domin an gaya masa sabon marfi yakan matsa. Kowace salla yana cirewa ya yi asuwaki yadda ya saba tun yana yaro, ya mayar da ƙarfi. Likita ta kira shi, layin yana yankewa, ya ce mata lafiya lau, ya kusa dawowa. Lokaci ya sake zagayowa, ya sake canzawa. Wannan ya fi na baya gardama. Da safe in ya cire shi sai ya ji haƙoran gaba kamar ba nasa ba.

A cikin motar dawowa, wajen Lokoja, ya tura haƙorin sama da harshe ya ji ya motsa. Ya sake turawa don ya ƙaryata kansa, ya sake motsawa.

Likita ta kwantar da kujera, ta kunna fitila, ta bi fuskar haƙoran da ɗan ƙarfenta. Ƙarfen ya yi ta wucewa sumul, babu abin da ya tare shi. Ta kama haƙorin da yatsu biyu ta gwada, ta kama na kusa da shi. Ta ɗauki sabon hoto, ta jera shi da tsohon a allo, ta tsaya tana kallo fiye da yadda ake buƙata.

"Sun cinye tun tuni, Baba. Saura tabo kawai. Marfin bai da abin kamawa, sai ya riƙa tura su ta inda ya ga dama, in ka cire su dawo."

"To, sa mini farin. Na yarda. Ko duk bakin za ki cika da shi, ki cika."

"Ba danƙo ne matsalar ba yanzu. Dubi ƙashin. Da yana nan, yanzu ya sauko nan. In na ƙara ja, ko da me na ja, za su biyo hannuna."

"A sake yin wasu marafan daga Legas."

"Za su yi, in na aika. Amma ƙashi ba a aikowa daga Legas."

Bai ɗora mata laifi ba, ita ma ba ta tuna masa sharaɗi ba. Ta tura hotunan ga wani malaminta a Jos, suka yi magana mai tsawo da Turanci, Badaru yana kwance yana kallon silin, yana ƙoƙarin karanta muryarta. Da ta ajiye waya bai tambaye ta ba, ya riga ya ji. Mutmainna ta zo a ƙarshen mako, ta tambayi batun dasa haƙoran ƙarfe, aka ce su ma ƙashi suke nema su tsaya a kai, kuma ba za su ji goro yadda na halitta suke ji ba. Dijatu ta samo wani garin magani daga wajen wanzami, ya yi ta shafawa don kada ya ɓata mata rai. Ya sa an yi masa addu'a a masallacin unguwa, bai faɗi ko ta mece ce ba.

Abin da ya rage shi likita ta yi. Ta shimfiɗa siririyar waya a bayan haƙoran gaba, ta ɗaure su da juna don kowanne ya jingina da ɗan'uwansa, ta manne ta da danƙo. Ta ce in ya kiyaye, za su zauna a bakinsa shekaru, zai yi magana da su, zai yi murmushi.

"Goro fa?"

"Da na gaba, a'a."

"Zuwa yaushe?"

"Ban ga ranar ba, Baba."

Ya gyara hularsa, ya yi mata godiya cikakkiya, ya ce ta gaishe da mahaifiyarta.

Kayan da ya sha wahala a kansu suka iso, rabi suka yi kyau, rabi ba su yi ba, kamar na kowa. Ƙananan 'yan goro suka ci gaba da tsayawa su gaishe shi, sannan su wuce rumfar Babandi su ji ta bakinsa. Babandi ya daina zolayarsa kan haƙori. In an buɗe huhu yakan gatsa, ya juyo ya ce, "Bakano, me ka gani?" Badaru ya san tambayar ta zumunci ce, yakan ce, "Yadda ka ji, haka ne."

Ko yankan wuƙa ma daga baya ya fara yi masa wuya, domin taunar goro mai tauri tana girgiza wayar. Wata ranar Talata bayan la'asar ya rufe rumfa da wuri, ya bi ta bayan kasuwa zuwa layin masu ƙera kayan gwangwani, inda bai taɓa samun dalilin zuwa ba. Ya tsaya gaban wani maƙeri mai suna Sadisu, ya ce yana son magogin goro, irin ɗan faifan gwangwanin nan mai huda-huda da tsofaffi marasa haƙori suke goga goro a kai ya zama gari.

Sadisu ya miƙe da sauri, ya share benci. "Alhaji da kanka? Ai da aike ka yi. Na wace tsohuwar ne, babba za a yi ko na aljihu?"

"Na aljihu."

"Mai laushi ko mai ɗan gari-gari? Wasu tsofaffin ko garin ma ba sa iyawa sai ya yi lilis."

"Mai ɗan gari-gari," in ji Badaru. "Mai shi da sauran ƙarfinsa."

Ya zauna a bencin yana jira, Sadisu yana huda gwangwani da ƙusa. Da aka gama ya karɓa, ya zaro goro daga aljihu, ɗaya daga cikin sababbin da aka sauke a makon, ya ɓare ya goga kaɗan a tafin hannu don gwaji, ya zuba a baki. Ɗacin ya zo, zaƙin ya biyo baya, kamar yadda ya san su tun ƙuruciya. Sadisu, wanda ke shirin sayen goron sunan ɗansa, ya ga dama ta samu, ya tambaye shi ko wannan zai ajiyu zuwa wata mai kamawa.

Badaru ya juya ragowar goron a hannunsa, ya duba shi ta kowane gefe.

"Ban sani ba," in ji shi. "Ka tambayi Babandi."